Muryoyi Huɗu Sun Isa: Haɗa Kiɗan Ciftun da Tiraka a Ƙasar Ƙonni

Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 a farkon shekarun 2000 ya san sautin, ko da bai san sunansa ba: ƙara siririya mai kaifi, wadda ke ratsa hayaniyar tasha ta isa kunne. A cikin wayar akwai sashen da ake kira Composer, inda lambobi 1 zuwa 7 ke ba da sautuka bakwai, 8 ta gajarta sauti, 9 ta tsawaita shi, 0 kuma ta sa a yi shiru. Masu haƙuri kan zauna suna danna lamba bayan lamba har karin waƙar da suke so ya fito. Ainihin tsarin kiɗan ciftun ke nan. Mutum ya rubuta wa ƙaramar na'ura umarni da lambobi, ita kuma ta rera da muryarta ta lantarki.

Kiɗan ya samo asali daga na'urorin wasa da kwamfutocin gida na shekarun 1980, waɗanda kowace ke da ƴar ƙwayar lantarki guda mai fitar da sauti. Ta Commodore 64, da ta fito a 1982, muryoyi uku kawai take iya yi a lokaci ɗaya. Famicom ta kamfanin Nintendo ta zo a 1983, kuma a kanta Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. na 1985, wanda yara da yawa a ƙasar Hausa suka haddace ta hanyar kwaikwayon na'urar da ake jonawa da talabijin. Game Boy ta biyo baya a 1989 da muryoyi huɗu. Matsi ne ya haifi salon, amma da matsin ya wuce sai mutane suka ƙi sakin sa, domin sun gano cewa ƙarancin muryoyi yana tilasta wa mai kiɗa ya san abin da yake son faɗa.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ɗan Maraya Jos ya cika duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Mamman Shata da kalangai da ƴan amshi ya yi aikinsa duka, Narambaɗa kuma da kotso. Kiɗan Hausa bai dogara da tara sautuka da yawa a kan juna ba. Ƙarfinsa na cikin karin murya, da amshi, da yadda ganguna ke shiga tsakanin juna. Saboda haka saurayin da ke zaune a Alela, ko Malbaza, ko Illela, wanda situdiyo ta yi masa nisa kuma kwamfutarsa ba za ta iya ɗaukar manyan manhajoji ba, yana da gata biyu da bai kamata ya raina ba: kayan aikin ciftun ba su da nauyi, kuma kunnensa ya riga ya saba da kiɗan da muryoyi kaɗan ke ɗauka.

Nijar ma tana da waɗanda suka share fagen kiɗan lantarki, ko da yake ba ciftun suka yi ba. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan a Yamai a 1978, kuma shekara da shekaru ana jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Hama, shi ma a Yamai, ya ɗauki karin gargajiya ya zuba a tsohon fiyanon Yamaha, daga baya ya koma kwamfuta. Kundinsa Torodi ya fito a 2015, Houmeissa a 2019. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, Sakkwato ya tafi a 2008 ya naɗi Anar, kuma katin waya da Bluetooth ne suka yaɗa waƙoƙin tun kafin wani kamfani ya san da zamansu. Hanyar da waƙoƙinsa suka bi tana nan har yau, kuma Birnin Ƙonni na tsakiyarta.

Kayan aiki

Tiraka manhaja ce da ake rubuta kiɗa a cikinta daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Wani Bajamushe, Karsten Obarski, shi ya fitar da ta farko a 1987 don kwamfutar Amiga, mai suna Ultimate Soundtracker, kuma duk waɗanda suka biyo baya, daga ProTracker zuwa FastTracker 2 ta 1994, tsarinta suka gada.

Wanda ke da laftof, komin tsufanta, ya fara da MilkyTracker. Kyauta ce, ƴan megabait ce, ba ta neman intanet bayan an sauke ta, kuma tana bin tsarin FastTracker 2 sau da ƙafa. OpenMPT ma kyauta ce ga mai Windows, Furnace kuma tana kwaikwayon ƙwayoyin sauti na tsofaffin na'urori iri-iri. Mai wayar Android kaɗai zai iya ɗaukar FamiStudio, wadda ke ba da sautin Famicom, ko SunVox ta Alexander Zolotov, wadda ake saye a waya amma kyauta ce a kwamfuta. Shawarar da ta fi amfani ita ce a zaɓi guda a zauna a kanta. Yawo daga wannan zuwa waccan shi ke cinye watannin masu koyo ba tare da sun gama waƙa ko ɗaya ba. Bayanin da ke tafe na MilkyTracker ne, kuma akasarinsa zai yi aiki a sauran.

Ban da manhaja, abin saƙalawa a kunne mai waya ya fi na Bluetooth, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan, kuma jinkirin na rikita mai gwada bugu.

Karanta shafi

Ganin farko kan tsorata mutum: baƙin allo cike da ɗigo da lambobi. Amma tsarin mai sauƙi ne. Kowane ginshiƙi murya ɗaya ce, kowane layi kuma ɗan lokaci ne. Shafi guda yana zuwa da layuka 64. Idan aka danna maɓallin kunnawa, shafin na gangarowa, kuma duk abin da ke kan layin da aka iso shi ake ji.

A cikin ginshiƙi, kowane layi na da gurbi huɗu. Misali, C-4 01 30 037. Na farko sauti ne da hawansa: C a hawa na 4. Na biyu lambar kayan kiɗa. Na uku ƙarfin sauti. Na huɗu umarni na musamman, wanda za a zo kansa. Daga C zuwa C na gaba matakai 12 ne, kuma madannan haruffa na kwamfuta su ne fiyanon: jerin ƙasa hawa ɗaya, jerin sama hawa na gaba. A madannai irin na Ingilishi harafin Z ke farkon jerin ƙasa. A irin na Faransa, da suka fi yawa a ofisoshin Nijar, W ke zaune a wurin. Minti biyu na latse-latse sun isa mutum ya gane inda sautukansa suke. Dogon maɓallin tazara shi ke buɗe damar rubutu, shi ke rufe ta.

Abin da ke kayar da mutane shi ne ƙidaya. Tiraka ba ta tsayawa a 9; tana ci gaba da A, B, C, D, E, F kafin ta kai 10, wato tana ƙirga goma sha shida-shida. Don haka 10 na tiraka 16 ne, 20 kuwa 32, 30 shi ne 48, 40 kuma 64. Ƙarfin sauti daga 00 yake zuwa 40, rabinsa 20. A rubuta waɗannan huɗun a takarda a manna gefen allo. Cikin mako guda ido zai saba.

Sauri kuma abu biyu ke riƙe da shi. Manhajar na buɗewa da BPM 125 da Spd 6, ma'ana kowane layi an raba shi bugun ciki shida, kowane bugu kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Layi ɗaya sakan 0.12 ke nan, shafi mai layuka 64 kuma sakan 7.68. Kafin a fara komai, a rage ginshiƙai daga takwas zuwa huɗu da maɓallin Sub. Wanda ya bar takwas zai cika su, kuma zai cika su da abin da ba ya buƙata.

Ƙera murya ta farko

A buɗe sashen gyaran samfur, a ƙirƙiri sabo mai tsawon ɗigo 32. A cikin jerin Generators a zaɓi igiya mai kusurwa huɗu, ko a zana ta da hannu: rabi a sama, rabi a ƙasa. Sai a kunna maimaitawa, Forward, daga farkon samfurin zuwa ƙarshensa. Lambar 32 ba ta banza ba ce. A C-4 manhajar na karanta ɗigo 8363 a sakan, kuma idan aka raba da 32 ana samun kusan 261, wanda shi ne C na tsakiyar fiyano. Muryar ta fito a saite ke nan tun daga haihuwa.

Siffar igiya ita ce launin murya. Rabi da rabi na ba da sauti mai rami, cikakke. Idan aka matse ɓangaren sama ya koma rubu'i, sautin na shiga hanci. Idan ya koma kashi ɗaya cikin takwas, sai ya yi tsini sosai, ya kusanci algaita. Igiya mai kusurwa uku tana da taushi, ta dace da sarewa a sama ko murya mai kauri a ƙasa. Ta ƙarshe ita ce shuu, irin ƙarar rediyon da ya ɓace wa tasha, wadda daga ita ake yanko caki da tafi.

Murya mai maimaita kanta ba ta mutuwa sai an kashe ta, kuma gurmi ba haka yake ba: ana taɓa tsirkiya ta yi ƙara, sannan ta lafa. Umarnin A04 na rage ƙarfi da huɗu a kowane bugun ciki, don haka idan aka jera shi a layuka uku zuwa huɗu bayan sautin, zai dushe kamar an kaɗa tsirkiya. Wanda ya gaji da jerawa ya shiga sashen kayan kiɗa ya zana layin dushewa sau ɗaya, ya huta.

Sai sautukan da za a yi amfani da su. Yawancin karin Hausa a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma mafi kusa da su a madannai su ne C, D, E, G, A, ko a fara daga A a bi C, D, E, G idan ana son kari mai nauyi. Mafi kusa aka ce, ba daidai ba. Gurmi da goge ba sa bin awon fiyano, kuma mai kunne zai ji wani sautin ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza. Ma'aunin finetune na raba mataki ɗaya gida 128, kuma da shi ake karkato murya ta dawo inda kunne ya san ta.

Bugu: a bar 64, a koma 48

Nan ne akasarin masu koyo ke ɓata. Layuka 64 an yanka su ne don kiɗa mai tafiya huɗu-huɗu, alhali kiɗan rawa da yawa na ƙasar nan, irin wanda ake ji a filin kokowa ko dandalin biki, yana juyawa ne a kan bugu goma sha biyu. Mai dannawa cikin 64 zai yi ta mamakin abin da ya sa gangarsa ke tafiya kamar ta faretin soja. A sauya tsawon shafi daga 40 zuwa 30, wato layuka 48, zagaye huɗu na goma sha biyu.

A murya ta uku a sa babbar ganga a layuka 0, 3, 6 da 9. A ta huɗu a sa shuu gajere a 0, 2, 4, 6, 8 da A. Da an kunna za a ji biyu da uku suna ja-in-ja, suna haɗuwa a 0 da 6 su sake rabuwa. Wannan ja-in-jar ita ce ƙashin baya, kuma tun kafin a ɗora kari ya kamata ƙafa ta fara motsi. Idan ba ta motsa ba, kada a ci gaba, a gyara. Rage ƙarfin wasu bugun zuwa 18 ko 20, a bar na 0 da 6 a 40, yana sa hannun mutum ya bayyana a ciki. Umarnin ED1 ko ED2 na jinkirta bugu da ɗan ƙyaftawa, kuma irin wannan jinkiri ne ke bambanta makaɗi da agogo.

Babbar gangar kanta ana iya ƙera ta ba tare da naɗar komai ba: a ɗauki igiya mai kusurwa uku, a buga ta, a sa mata 220 don sautin ya rufto ƙasa da sauri, a yanke ta a layi na gaba.

Yadda na'ura ke koyon magana

Babu wurin da tiraka ta fi dacewa da kiɗan Hausa kamar wajen zamewar sauti. Mai kalangu na matse igiyoyin da hammata bayan gula ta sauka, sai sautin ya hau. Ya sassauta, ya sauko. Da haka kalangu ke faɗin take, mutane su ji sunan gwaninsu ba tare da an buɗe baki ba. A tiraka umarni mai farawa da 3 ke wannan aiki. A buga C-4 a layi na farko, a layi na biyu a rubuta E-4 tare da 310. Na'urar ba za ta sake bugawa ba, za ta ja sautin farko ne ta kai shi na biyu. Idan bai isa ba kafin layin ya ƙare, a ƙara 300 a ƙasansa. Ƙaramar lamba na ja a hankali irin na goge, babba na fizga irin na kalangu. Umarni mai farawa da 4, kamar 463, na sa sauti rawar ɗari, kuma ya fi kyau a sa shi a wutsiyar dogon sauti maimakon farkonsa.

Mai son na'urarsa ta faɗi kalma yana da ƙa'ida biyu a bakinsa tun yana yaro. Gaɓa mai nauyi ta ci layi biyu, marar nauyi ta ci ɗaya. Gaɓa mai hawan murya ta ɗauki sautin sama, mai saukar murya ta ɗauki na ƙasa. Albasa, wadda Galmi ta yi suna da ita, gaɓa uku ce: al ƙasa, layi biyu, ba sama, layi ɗaya, sa ƙasa, layi biyu. A rubuta C, E, C da wannan awo a saurara. Wanda ya iya wannan zai iya ɗaukar kirarin unguwarsu ko na ɗan kokowar garinsu ya mai da shi kari, kuma karin da aka samo ta haka ba ya kama da na kowa a duniyar ciftun.

Muryoyi biyu na farko a raba musu aiki yadda ake yi a fage: ta ɗaya ta yi jagora, ta biyu ta yi amshi. Jagora ta faɗi nata a zagaye biyu, ta yi shiru, amshi ya karɓa. Shirun yana da muhimmanci ƙwarai, kuma shi masu koyo ke jin tsoro. Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta amsa-kuwwa: a kwafi karin jagora a murya ta biyu, a saukar da shi layuka uku, a rage ƙarfinsa zuwa 10.

Umarnin da ya fi shahara a ciftun shi ne mai farawa da 0, irin 037 ko 047, wanda ke juya sautuka uku da saurin da kunne zai ɗauka tare suke. Shi ne kukan nan mai kaɗawa na wasannin da. Yana da daɗi, amma ɗanɗanon Turai yake kawowa, kuma yawan sa na mai da kiɗan Ƙonni ya koma na Mario. Ga kari mai sautuka biyar, 057 ko 07C sun fi zama lafiya, kuma ko su a yi musu amfani irin na yaji.

Samfur daga hannun makaɗa

Tun zamanin Amiga ana zuba sautin gaske a tiraka, kuma ba laifi ba ne a haɗa igiyar lantarki da bugun fata. Waya ta isa naɗa. A nemi ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a guji lokacin da ƴan kabu-kabu ke kai da kawo. A riƙe wayar kamar taƙi biyu daga gangar, a roƙi makaɗin ya yi bugu ɗaya-ɗaya da tazara: na tsakiya, na gefe, na matse, na sake. Daga nan a kai Audacity, wadda ita ma kyauta ce, a yanke kowane bugu daidai inda ya fara, domin ko ɗan shiru a gabansa zai sa ya riƙa makara. A mai da shi hanya ɗaya, a adana a WAV. Rage shi zuwa bit 8 na ba shi ƙaiƙayin da zai sa ya zauna da sauran muryoyin ba tare da ya yi kamar baƙo ba.

Akwai haƙƙi a nan da bai kamata a tsallake ba. Bugun da aka naɗa abincin wani ne, kuma sau da yawa gadon gidansu ne. A je masa da gaisuwa yadda ta dace, Baba ko Sarkin Makaɗa, ranka ya daɗe, a faɗa masa gaskiyar abin da za a yi da sautin, a ba shi abin hannu, a kuma ambaci sunansa a jikin waƙar. Ƙasar da ta sa wa gasar kiɗanta sunan makaɗi Ɗan Gurmu ba ta cancanci a riƙa satar hannun makaɗanta a ɓoye ba. Yanko daga faifan wani kuwa magana ce ta haƙƙin mallaka, kuma a Nijar hukumar BNDA ke kula da ita.

Na'urar hannu

Ga wanda ba shi da kwamfuta, ko yake son ya yi aiki a fada ana dafa shayi, akwai LSDj, tirakar Game Boy da Johan Kotlinski na Suwidin ya fara fitarwa a 2000, wadda yanzu ake saukewa kyauta daga shafinsa. Tana da ƴar'uwa, Nanoloop ta Oliver Wittchow, amma LSDj ce mai tsarin layuka. Ana iya kunna ta a Game Boy ta asali da kaset mai ɗaukar fayil irin EverDrive, ko a ƙananan na'urorin wasa na Anbernic da Miyoo, ko a wayar Android ta cikin RetroArch. Ta asalin na cin batir huɗu irin na tocila ƙarama, kuma allonta ba shi da fitila, don haka tsakar rana ya fi fitowa. Masu hali kan sayi Dirtywave M8 ko Polyend Tracker, sai dai babu abin da mai koyo zai rasa don bai mallake su ba.

Muryoyin huɗu sunansu PU1, PU2, WAV da NOI: biyu masu kusurwa huɗu, ɗaya da ake zana wa igiya mai ɗigo 32, ɗaya ta shuu. Ginin hawa uku ne. Jimla na da layuka 16. Jimloli na haɗuwa su zama sarƙa. Sarƙoƙi ke jeruwa su zama waƙa. Ana riƙe SELECT a danna gefe don sauya allo, A na sa sauti, A da hagu ko dama na matsar da shi mataki ɗaya, A da sama ko ƙasa na sauya hawa, START na kunnawa. Umarnai haruffa ne: L na zamewa, V na rawar sauti, K na kashewa, C na juya sautuka uku, D na jinkiri. Don samun bugu goma sha biyu, a sa H00 a layin C na kowace jimla, sai ta tsallaka zuwa ta gaba bayan layuka 12. A gefen kowace jimla cikin sarƙa akwai gurbin ɗaga sauti, wanda ke ba da damar maimaita kari ɗaya a wani mataki ba tare da an sake rubuta shi ba.

Muryar WAV na iya buga samfur, kuma da LSDPatcher ake zuba nasa na kansa. Wurin ƙanƙane ne, bai kai sakan uku ba a kowane rukuni, don haka bugun kalangu biyar ko shida gajeru ne za su shiga.

Wuta, zafi da ƙura

Malbaza na da tashar hasken rana mai megawat 7 tun Nuwamban 2018, amma wanda ya ga yadda aka zauna a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba Nijar wuta, ya san ba a jingina aiki ga kamfanin wuta na NIGELEC kaɗai, balle a ƙauyukan da ke dogaro da mai caji. Tiraka ba ta cin batir sosai, kuma wannan na cikin alherinta. Duk da haka a riƙa adanawa bayan kowane gyara, da sabuwar lamba a ƙarshen suna, don a iya komawa baya. Aikin LSDj duka a fayil ɗaya yake mai ƙarewa da .sav, a kwafe shi zuwa wani kati duk mako, domin katin jabu kan mutu ba sallama. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada a bar na'ura a rana ko a yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma batirin da ya kumbura a rabu da shi. Lokacin hunturu jakar leda mai zif ta isa ta tsare maɓallai daga ƙura.

Fitar da waƙa

Idan shafuka sun kai biyar ko shida, sai a jera lambobinsu a akwatin da ke sama ta hagu: shimfiɗa, jagora da amshi, wurin da ganguna ke zama su kaɗai, dawowa. Minti biyu da aka gama sun fi minti shida da aka bari a hanya. MilkyTracker na fitar da WAV, Audacity ta mai da shi MP3. Daga Game Boy kuwa ana jona waya daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta a naɗa.

Kafin a tura wa kowa, a saurara a ƙaramar waya mai maɓallai, domin a irinta mutanen Badagishiri da Tsarnawa da Dogarawa za su ji. Lasifikarta ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka idan muryar ƙasa ta ɓace, a ɗaga ta hawa ɗaya ko a sauya mata igiya mai kusurwa huɗu, wadda kaifinta ke ratsa ƙaramar lasifika. Idan shuu na soke kunne, a rage shi zuwa 18. A sa suna da gari a sunan fayil da cikin bayanan MP3, saboda waƙar da ta shiga hannun masu tura waƙoƙi a kasuwa, ta bi Xender da WhatsApp ta ƙetara zuwa Illelar Najeriya, ba ta dawowa ta tambayi mai ita.

Tare da MP3 ɗin a riƙa tura ainihin fayil na XM da MilkyTracker ke adanawa ga abokan koyo. Waƙar da aka gina da igiyoyi masu ɗigo 32 ba ta wuce ƴan kilobait, ko intanet mai rauni zai ɗauke ta, kuma wanda ya buɗe ta zai ga kowane sauti da kowane umarni a layinsa. Gurabun sunayen kayan kiɗa na karɓar rubutu, kuma tun zamanin Amiga a nan masu tiraka ke rubuta sunansu da shekara da gaisuwa. A nan ne kuma ya dace a sa sunan makaɗin da aka naɗi gangarsa. Abokin da ya karɓa ya kashe muryoyi uku ya saurari ɗaya, ya sauya 310 zuwa 308 ya ji bambanci, ya ƙara shafi nasa, ya adana da sabuwar lamba, ya maido.